Tarihin Ɗan Mai Niƙa, Sarkin Gogen Ƙasar Norwe

A yau filin namu na tarihin mashahuran mutane zai leƙa can ƙuryar arewacin Turai, wato ƙasar Norwe, wadda galibin 'yan kasuwarmu ba su san ta da komai ba sai busasshen kifin nan mai taurin itace da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Legas, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma su ce panla. Mutumin da za mu kawo tarihinsa bai taɓa sayar da kifi ba, makaɗi ne, amma a kasuwanni da gidajen biki ya koyi sana'arsa, a nan kuma ya yi suna. Abin da ya same shi daga baya kuwa, duk wanda kasuwa ta taɓa buɗe masa sau ɗaya sannan ta juya masa baya zai gane shi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sunansa na yanka Torgeir Augundsson, amma a ƙasarsu ba kowa ne zai gane wanda kake nufi da wannan suna ba sai ka ce Myllarguten, wanda ma'anarsa ita ce yaron mai niƙa, ko Ɗan Mai Niƙa. An haife shi a wani gari mai suna Sauherad da ke lardin Telemark a kudancin ƙasar. Shekarar da aka fi ambata ita ce 1801, ko da yake wasu masana tarihi suna mayar da ita baya zuwa 1799. Mahaifinsa Augund yana aiki ne a wurin niƙan hatsi irin wanda ƙarfin ruwan rafi ke juya dutsensa, daga nan ne laƙabin ya samo asali. Talakawa ne tilis, daga cikin rukunin mutanen da ba su da gonar kansu, waɗanda ke zama a ɗan gefen gonar wani mai hali suna biyan haya da ƙarfin jikinsu. A wancan zamani mutanen Norwe baki ɗaya ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma ƙasar tana ƙarƙashin sarkin Denmak, ba kamar yau da man fetur ya mayar da ita ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya ba.

Shi ma mahaifin nasa yana taɓa goge. Ana ba da labarin cewa yaron yana tsoron duka, don haka sai ya bari uban ya tafi wurin niƙa, sannan ya sauke gogen daga inda aka rataye shi ya yi ta gwadawa. Kafin ya balaga har an fara kiran sa wuraren rawa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin gogen da ake magana a kai, domin ya sha bamban da namu mai tsirkiya ɗaya. Suna kiran sa hardingfele, wato gogen Hardanger, da sunan yankin yammacin ƙasar inda aka fara sassaƙa shi, kuma mafi tsufa da aka sani yana ɗauke da shekarar 1651 a jikinsa. Da katako ake yin sa gaba ɗaya, a ɗora shi a kafaɗa ko a ƙirji. Yana da tsirkiya huɗu a sama waɗanda izga ke gogawa, sannan akwai wasu huɗu ko biyar a ƙarƙashinsu da ba a taɓa su sam, su dai aikinsu amsa amo ne: da zarar ta sama ta yi kuka sai ta ƙasa ta ɗauka da kanta. Jakin da ke ɗauke da tsirkiyoyin kuma an yi shi kusan a shimfiɗe, ta yadda makaɗi ke iya goga biyu a lokaci guda. Wannan ya sa mutum ɗaya na kiɗa amma wanda ke waje sai ya ɗauka mutum biyu ne ko uku. Ana yi wa jikinsa ado da zanen baƙin tawada da ɓawon katantanwar teku mai ƙyalli, a sassaƙa kan zaki a ƙarshen wuyansa. Hanyoyin ɗaure tsirkiyoyinsa sun haura ashirin, kowace da irin kiɗan da ya dace da ita. A zamanin Ɗan Mai Niƙa akwai wani gida a garin Bo cikin Telemark, gidan Helland, da ya shahara da sassaƙa irin wannan goge, uba ya bar wa ɗa.

Abu na biyu shi ne, wannan kiɗa ba na zama a saurara ba ne, na rawa ne, kuma ba ganga a cikinsa. Mai goge yana zaune a kan kujera, ƙafafunsa biyu na buga ƙasa, su ne gangarsa. Rawarsu ta gargajiya namiji da mace ne ke yin ta tare, wannan al'adarsu ce tun kaka da kakanni, a ƙasar da gidaje ke warwatse cikin kwazazzabai tsakanin duwatsu, inda saurayi kan yi watanni bai ga budurwar da ba 'yar gidansu ba sai ranar biki. Akwai wadda ake kira gangar, ita tafiya ce cikin natsuwa. Akwai springar, mai ɗan sauri. A cikin kowace, namiji kan riƙe hannun mace su fara zagaya ɗaki, ya juya ta a ƙarƙashin hannunsa, ya sake ta kowa ya taka shi kaɗai, daga ƙarshe su kama juna su yi ta juyawa kamar dutsen niƙa. Ba a ƙidaya taku, namijin ne ke yanke shawarar lokacin da za a sauya, macen kuma ta karanci nufinsa daga hannunsa. Sai ta uku, halling, wadda ta samari ce zalla, ta nuna ƙarfi: budurwa kan hau kan kujera ta ɗaga hula a kan sanda, saurayi ya yi tsalle ya juya a iska ya harbo hular da ƙafa.

Wurin da wahalar take shi ne springar. Bugunta uku ne, amma ukun ba tsawonsu ɗaya ba. A Telemark na farko ya fi tsawo, na biyu matsakaici, na uku gajere. Idan ka tsallaka duwatsu zuwa yankin Valdres sai ka tarar na farkon ne gajere. Kamar dai yadda mudun wannan kasuwa ba ya zama daidai da tiyar waccan, haka kowane kwari ke da nasa awo, kuma baƙon da ya shiga fili da awon garinsu nan take ƙafarsa za ta tona masa asiri. Saboda haka makaɗin da ke son a riƙa gayyatar sa nesa da gida dole ya san ƙafar mutanen kowane wuri. Wannan ilimi kuwa ba a rubuce yake ba, ba kuma makarantar da ake koyar da shi.

Yadda ake koyo shi ne yaro ya bi wani babban makaɗi, ya zauna kusa da shi, ya saurara, ya kalli yatsunsa, ya koma gefe ya maimaita har ya zauna masa. Daga cikin waɗanda Ɗan Mai Niƙa ya ɗauka a wurinsu akwai Knut Luras na Tinn, wanda ban da goge gwani ne wajen zanen ado a jikin katako, da Jon Kjos na Amotsdal, da Mattis Flathus na garinsu, da kuma Oystein Langedrag na Bo, wanda tsohon soja ne. Duk wani take da mutum ya koya, sunan wanda ya ba shi yana manne da shi, a ce wannan take ne daga wane, shi kuma ya karɓo daga wane. Har gobe haka suke yi, kuma a ganinmu wannan ɗabi'a ce ta ceci kiɗan nasu daga ɓata, fiye da duk wani taimakon gwamnati da ya zo daga baya.

Babbar makarantarsa dai ita ce kasuwa. A garin Kongsberg, inda aka fara haƙar azurfa a ƙarni na 17, ana cin wata babbar kasuwa kowace shekara a lokacin hunturu. Mutanen kwaruruka daban-daban kan gangaro da dawaki da fatu da man shanu da kayan sassaƙa, su koma da gishiri da ƙarfe da kayan birni. Inda fatake suka taru kuwa makaɗa ba sa rasa zuwa. Da dare a masaukai sai a yi ta karawa, wannan ya kawo taken Numedal, wancan na Hallingdal, wani na Valdres, kowa na kasa kunne don ya sace abin da zai koma da shi gida. Haka nan akwai kasuwar Roldal a can cikin duwatsu, a kan hanyar da ta haɗa Telemark da gaɓar tekun yamma, inda makaɗan gabas ke haɗuwa da na Hardanger. Ɗan Mai Niƙa ya riƙa bin waɗannan hanyoyi da ƙafa, gogensa a baya, domin jirgin ƙasa na farko a Norwe sai a 1854 ya fara aiki, shi ma ba ta wannan yanki ba. An san shi da kaifin kunne, take ɗaya ya ji sau ɗaya ko biyu ya riƙe shi.

To amma riƙewa kawai ba ta mai da mutum sarki. Tsofaffin taken nasu gajeru ne, 'yan gutsattsari biyu ko uku da ake maimaitawa har masu rawa su gaji. Abin da shi ya yi shi ne ya ɗauki ɗan gutsuren ya yi ta juya shi, ya ƙara masa reshe, ya kai shi sama ya dawo da shi ƙasa, ya ɗinka masa wani gutsure daga wani take, har gajeren abu ya zama dogo mai hawa-hawa, ba tare da masu rawa sun rasa inda za su sa ƙafa ba. An ce da wuya ya kaɗa take ɗaya iri ɗaya sau biyu. Akwai wani abokinsa kuma abokin karawarsa, Havard Giboen na Mosstrond, wanda aka haifa a 1809, shi an fi saninsa da riƙe take kamar yadda ya karɓe shi. Masu goge a Telemark sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi a cikinsu, irin gardamar da ba ta ƙarewa.

Aikin biki shi ne abincinsa. Bikin aure a karkarar Norwe kan ɗauki kwanaki ana ci ana sha, kuma mai goge ne ke gaba idan an ɗauki amarya zuwa coci, shi ke tarbar baƙi, shi ke kwana yana kiɗa. Daga cikin taken rakiyar amarya da ake dangantawa da shi akwai wani mai sanyaya jiki, wanda ake ba da labarin cewa ya tsara shi ne lokacin da wata budurwa mai suna Kari da yake so ta bar shi ta auri wani. Shi kansa daga baya ya auri wata mai suna Ingebjorg, suka haifi 'ya'ya goma, bakwai suka rayu, kuma wasu daga cikin mazan suka gaji sana'ar.

Gwanintar da ta wuce misali ba ta rasa jawo magana. Mutanen ƙasar suna da wata tsohuwar tatsuniya ta wani ɗan ruwa mai suna Fossegrim da ke zaune a inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse ko kusa da wurin niƙa, wanda ya fi kowa iya goge. Wai idan mutum ya kai masa nama a daren Alhamis zai koya masa, in naman ramamme ne iyakarsa ya nuna masa ɗaurin tsirkiya, in kuwa mai kitse ne sai ya kama yatsunsa ya yi ta ja a kan tsirkiya har su yi jini, daga ranar ba mai kama shi. To ga yaro ya tashi a bakin wurin niƙa, ga shi kuma ya fi malamansa, ai ba sai an faɗa wa mai karatu abin da jama'a suka ce ba. Wannan magana ta ƙara masa kwarjini a lokacin ƙuruciya, amma ta zame masa kaya a lokacin tsufa, kamar yadda za mu gani.

A shekarar 1831 tafiya ta kai shi Bergen, babban birnin kasuwanci na gaɓar yamma, wanda tun ɗaruruwan shekaru ta nan ake fitar da busasshen kifin da muka ambata zuwa ƙasashen waje. A can ya haɗu da wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Ole Bull, ɗan wani mai kantin magani, wanda ya koyi gogen Turawa na birni irin wanda ake karantawa a takarda. Suka kaɗa wa juna, kowa ya ji abin da bai saba ji ba. A cikin wannan shekara Ole Bull ya tafi Faris, kuma cikin 'yan shekaru ya zama ɗaya daga cikin shahararrun masu goge a duniya, yana kiɗa a gaban sarakunan Turai da manyan biranen Amurka. Har Masar ya je, inda a 1876 ya hau kan babbar dalar Giza ya yi kiɗa ranar da ya cika shekara 66. Ya riƙa amfani da shimfiɗaɗɗen jaki a gogensa don ya iya goga tsirkiya da yawa a lokaci guda, dabarar da mutanen karkarar ƙasarsu suka daɗe da ita, kuma ya riƙa cusa taken ƙauye cikin kiɗan da yake yi wa manya.

Shi kuwa Ɗan Mai Niƙa ya koma kan hanyarsa, daga biki zuwa kasuwa, daga wannan ɗan gida na aro zuwa wancan, yau a Amotsdal gobe a Rauland. Shekara 17 suka yi ba su sake haɗuwa ba.

A cikin waɗannan shekaru wani abu yana tafasa a birane. Tun 1814 aka raba Norwe da Denmak aka haɗa ta da Suwidin a ƙarƙashin sarki ɗaya, ba ta kuma samu cikakken 'yanci ba sai 1905. 'Yan bokonta suna rubutu da harshen Denmak, suna sauraron kiɗan Jamus da Italiya, sai suka fara tambayar kansu, to mu mene ne namu? Amsar da suka samu ita ce, abin da yake nasu yana hannun talakan karkara da suka daɗe suna rainawa. Nan fa aka bazama. Asbjornsen da Moe suka shiga tattara tatsuniyoyi, Ivar Aasen ya bi ƙauyuka yana rubuta karin harshen manoma har ya fitar da nahawunsa a 1848, wani limamin coci mai suna Landstad ya tattara tsofaffin waƙoƙin Telemark. Ma'ana dai, hajar da Ɗan Mai Niƙa ya daɗe yana yawo da ita a kan kuɗi kaɗan, rana ɗaya ta yi daraja a babban birni.

Ole Bull ya dawo gida a 1848, ya aika a kira masa tsohon abokinsa. Ranar 15 ga Janairu 1849, a babban zauren Logen da ke Christiania, birnin da ake kira Oslo tun 1925, aka zaunar da mutumin ƙauye cikin tufafinsa na ƙauye a gaban mutane kimanin 1,500, manyan ma'aikatan gwamnati da attajirai da matansu. Ana ba da labarin cewa akwatin gogen ya ƙi buɗuwa, sai da ya zaro wuƙarsa ya ɓalle shi a gaban jama'a. Daga nan ya zauna ya fara kiɗa, ƙafafunsa na dukan katakon dandali kamar yadda ya saba, aka yi ta tafi. Jaridu suka yi ta yabo, wani babban mawaƙin ƙasar mai suna Welhaven ya rubuta waƙa a kansa. Wannan rana ana lissafa ta cikin muhimman ranaku a tarihin kiɗan ƙasar, domin ita ce ta shigar da gogen Hardanger zauren manya.

Sai dai akwai abin lura a nan. Mutum 1,500 suna zaune a kan kujeru, ba ko ɗaya da ya tashi ya taka. Kiɗan da aka gina don ƙafa an mai da shi na kallo, kuma da yawa daga cikin masu tafin ba kiɗan suke yi wa ba, tunanin cewa ga abin ƙasarsu suke yi wa. Irin wannan ciniki ba ya ɗorewa, domin mai saye ba kayan yake so ba, yayi ne ya kawo shi. Ya ci gaba da yin wasanni a Bergen, inda Ole Bull ya buɗe gidan wasan kwaikwayo na harshen ƙasa a farkon 1850, da wasu biranen Norwe, har ya tsallaka zuwa Goteborg a Suwidin da babban birnin Denmak. Amma sannu a hankali ɗokin ya ragu, zauruka suka daina cika. Shi kansa Ole Bull hankalinsa ya koma wani wuri: a 1852 ya sayi makeken fili a jihar Pennsylvania ta Amurka don ya kafa wa 'yan ƙasarsu masu hijira gari mai suna Oleana, shirin ya rushe cikin ɗan lokaci, ya yi hasarar dukiya mai yawa.

Da kuɗin da ya samu a birni, Ɗan Mai Niƙa ya sayi gona mai suna Oygarden a Rauland, karo na farko ke nan da ya taka ƙasar da zai ce tasa ce. To amma mutumin da ya shekara arba'in a kan hanya ba ya zama manomi dare ɗaya, ga kuma giya, wadda a gidajen biki ita ce abin da ake fara miƙa wa mai goge, ta riga ta kama shi. Bashi ya taru, gonar ta fita daga hannunsa. Ya koma wani ɗan gida mai suna Kosi a Arabygdi, a bakin tafkin Totak, ya sake zama irin talakan da aka haife shi.

Da a ce kasuwar ƙauye tana nan yadda ya bar ta, da ya samu abin rufin asiri. Amma ita ma ta sauya ta fuska biyu. Ta farko ita ce guguwar wa'azi. Tun zamanin wani mai wa'azi Hans Nielsen Hauge, wanda ya rasu a 1824, ƙungiyoyin masu tsananta addini suka fara ƙarfi a cikin Kiristocin karkara, kuma daga tsakiyar ƙarnin abin ya ƙara zafi. A wurinsu goge kayan Shaiɗan ne, tunda inda yake nan giya da rawa da faɗa suke, ga kuma tatsuniyoyin da ke cewa a wurin aljanu ake koyon sa. Makaɗa da dama suka tuba, wasu suka farfasa gogensu ko suka jefa a wuta, a wasu kwaruruka kiɗan ya ɗauke ɗif. Wanda ya san irin kallon da ake yi wa mai goge a ƙasar Hausa saboda alaƙarsa da bori da gidajen giya ba zai yi mamakin wannan ba. Ta biyu kuma sabon kaya ne ya shigo: raye-rayen Jamus da sauran ƙasashen Turai irin su wals da polka, tare da akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri. Yana da ƙara, yana da sauƙin koyo, yaro kan iya shi cikin 'yan watanni, alhali gogen Hardanger sai an ba shi shekaru. Bugu da ƙari, samarin Telemark da ya kamata su cika filin rawa sun yi ta kwarara zuwa Amurka tun daga 1837.

Ya rasu ranar 21 ga Nuwamba 1872 cikin talauci. An sa akwatin gawarsa a kwalekwale aka tuƙa a kan tafkin Totak zuwa cocin Rauland cikin tsananin sanyi, kuma mutane ƙalilan ne suka raka shi. Abokinsa Havard Giboen ya bi shi a shekarar da ta biyo. Na'urar ɗaukar murya kuwa sai a 1877 Edison ya ƙirƙiro ta, shekara biyar bayan mutuwarsa, don haka babu wani mai rai da ya taɓa jin yadda hannunsa yake. Shi kansa bai rubuta kiɗansa a takarda ba.

Abin da ya rage yana cikin kunnuwan waɗanda suka zauna kusa da shi, wato 'ya'yansa da almajiransa. Ɗaya daga cikinsu, Knut Dahle na Tinn, wanda aka haifa a 1834 kuma ya ɗauka a wurinsa da wurin Giboen, ya tsufa yana fargabar cewa in ya mutu abin zai bi shi kabari. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga Edvard Grieg, babban mai tsara kiɗa na ƙasar, wanda shi ma Ole Bull ne ya ba iyayensa shawarar su tura shi karatun kiɗa Jamus yana ɗan shekara 15. Wasiƙar farko a 1888 ba ta haifar da komai ba. Tsohon bai haƙura ba, ya sake rubutawa a 1901. A wannan karo Grieg ya sa aka kai shi babban birni wurin wani gwanin goge mai suna Johan Halvorsen, wanda ya zauna da shi yana kiɗa shi kuma yana rubutawa, har suka samu take 17. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin rubutun kiɗan Turawa an yi shi ne don bugu masu tsawo ɗaya, ba shi da gurbin dogo da matsakaici da gajeren Telemark, balle ƙananan karkarwar yatsu da ke tsakani. Grieg ya mayar da su kiɗan fiyano a 1902 zuwa 1903, kuma a cikinsu akwai gangar ɗaya da taken amaryar nan na Kari, dukansu ɗauke da sunan Ɗan Mai Niƙa. A 1908 wani masanin al'adu ɗan Rauland mai suna Rikard Berge ya bi tsofaffin da suka san shi ya fitar da littafin tarihinsa, wanda daga gare shi ne akasarin labaran da ake bayarwa a kansa suka fito.

Su kuma makaɗan karkara suka samo wata hanyar da ta maye gurbin masaukan kasuwar Kongsberg, wato gasa. An yi ta farko ta gogen Hardanger a garin Bo a 1888, daga baya abin ya zama gasar ƙasa da ake kira Landskappleiken, wadda ake yi kowace shekara a gari daban, ana karawa a goge da waƙa da rawar springar da gangar da halling. A 1977 aka buɗe makarantar kiɗan gargajiya da sunan Ole Bull a garin Voss, jikokin waɗanda suka yi hijira kuma suka kafa ƙungiyar masu gogen Hardanger a Amurka a 1983. A 2019 hukumar UNESCO ta sa kiɗa da rawar Setesdal, kwarin da ke maƙwabtaka da Telemark ta yamma, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Ko da yake yanzu akwai takardu da faya-faye, masu koyarwa a can har yau sun fi yarda da tsohuwar hanya: malami ya kaɗa ɗan gutsure, ɗalibi ya maimaita, a ƙara wani, har take ya cika, kuma akan shawarci mai son koyon gogen ya fara koyon rawar tukuna don awon ya shiga jikinsa. A Rauland, garin da ya rasa gonarsa, akwai reshen jami'a da ake karanta kiɗan gargajiya da sana'o'in hannu, ɗalibai na zuwa har daga ƙasashen waje. Ɗan gidan nan na Kosi an adana shi a matsayin gidan tarihi mai suna Myllarheimen, an kuma kafa mutum-mutuminsa a kusa da wurin, aikin wani masassaƙi mai suna Dyre Vaa wanda shi ma a Rauland ya yi zamansa.